FILIN MASU MOTA: Agogo Biyu Masu Tsaron Inji Mai Zugazugi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san gawayi ba ya tausasa ƙarfe sai an zuga shi. Maƙeri yana iya cika murhu da gawayi har ya yi tozo, amma in yaron da ke kan zugazugi ya yi sanyin hannu, wutar ba za ta lanƙwasa ko da bakin lauje ba. In kuwa yaron ya dage da zuga alhali gawayi ya ja baya, to iska ce za ta yi yawa, ƙarfen da aka sa a wuta ya shiga cinyewa. Saboda haka gwanin maƙeri idonsa ɗaya yana kan zugazugi, ɗayan kuma yana kan gawayi.

Akwai motoci masu irin wannan zugazugi a cikin injinsu. Mai lura zai ga wasu an rubuta musu Kompressor a bayan but, musamman ƙirar Mercedes-Benz da aka ƙera tsakanin 2000 da 2007, waɗanda aka yi ta shigo da su Nijeriya bayan sun gama yayinsu a Turai. Wasu kuma, kamar manyan Range Rover, an rubuta musu Supercharged. Duk abu ɗaya ake nufi, watau injin yana da wata na'ura da makanikai ke kira sufacaja, wadda ke ɗura masa iska da ƙarfi. A Amurka, inda sha'awar irin waɗannan motoci ta fi ƙarfi, daga cikin abubuwan da mai motar yakan ƙara mata akwai agogo biyu, ɗaya na auna matsin iska, ɗaya na auna matsin mai. A wannan mako filin zai duba dalilin haka, da yadda ake ɗaura su, da kuma wurin da aikin yake iya zama sanadin gobara.

ASALIN ABIN

Kwatancin maƙera ba a banza ya zo ba. A shekarar 1860 ne wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, mutanen garin Connersville a jihar Indiana ta Amurka, suka yi rajistar wata na'ura mai dunƙulallun ƙarafa biyu da ke juyawa cikin akwati suna tura iska. An daɗe ana amfani da ita wajen zuga tandun narka ƙarfe da kuma kai iska cikin ramukan haƙar ma'adinai kafin a yi tunanin haɗa ta da injin mota. A 1921 kamfanin Mercedes ya nuna motoci masu wannan na'ura a bikin baje kolin motoci na Berlin. A Ingila kuwa, Sir Henry Birkin ya sa an ɗaura ta a gaban injin Bentley a 1929, ko da yake wanda ya kafa kamfanin, W. O. Bentley, bai so ba. Motocin sun yi gudu na ban mamaki, amma a tseren awa 24 na Le Mans na 1930 guda biyun da suka shiga ba wadda ta kai ƙarshe. Tun daga lokacin aka gane cewa samun ƙarfi da zuga abu ne mai sauƙi, riƙe injin da rai shi ne aiki.

Yadda abin yake shi ne, iskar da ke kewaye da mutum tana da nauyi. A bakin teku, kamar a Legas, tana danna kowane inci murabba'i da nauyin fam 14.7, wanda ake rubutawa psi 14.7, ko kuma kimanin bar 1 a ma'aunin Turai. Injin da ba shi da zugazugi iyakar abin da zai iya zuƙa ke nan. Sufacaja kuwa bel ne ke juya ta daga jikin injin, ta matsa iska ta ƙara a kan wannan. In ta ƙara psi 7, injin ya sami kusan rabin abin da yake samu a da a kan nasa, sai dai zafin da matsin ke haifarwa yakan rage kaɗan daga ribar. Bambancinta da turbo shi ne, turbo hayaƙin salansa ne ke juya shi, ita kuwa bel. Wannan ƙarin da ke bisa nauyin iskar waje shi ne abin da agogon matsin iska yake nunawa.

Matuƙan jiragen yaƙi sun riga direbobi sanin darajar wannan agogo. Jirgin Spitfire na Ingila yana da shi a gaban matuƙi, kuma a 1940, bayan an sami fetur mai daraja 100, an yarda matuƙi ya kai matsin zuwa psi 12 in rai ya yi halinsa, amma na minti 5 kawai. Watau tun a wancan zamani an san cewa matsin iska yana da iyaka, kuma iyakar tana tafiya da irin man da ke cikin tanki.

ME YA SA AKE ƘARAWA?

Misali mafi kyau shi ne motar Ford Mustang SVT Cobra ta 2003 da 2004. Injinta mai silinda 8 ne, lita 4.6, da sufacaja ƙirar Eaton mai ba da psi 8, da ƙarfin doki 390. Kamfanin ya sa mata agogon matsin iska tun daga masana'anta, amma lambobinsa a 10 suka tsaya. Masu motar kuwa ba su daɗe ba suka gano cewa in aka cire fulin da ke kan sufacaja aka sa ƙarami, na'urar za ta riƙa juyawa da sauri, matsi ya hau ya wuce inda agogon kamfani yake iya nunawa. Allura ta kai bango ta tsaya, direba bai san ko 11 yake ba ko 16. Dole ta sa suka koma sayen agogon kasuwa, irin na Auto Meter ko VDO, masu faɗin milimita 52.

Motocin Kompressor na Mercedes da Mini Cooper S ta 2002 zuwa 2006 kuwa ba su zo da agogon ba sam. Wanda ya sayi irinsu bayan sun yi shekara goma sha biyar ko ashirin suna aiki ba shi da hanyar sanin ko sufacajar tana ba da abin da ya kamata, ko kuwa nauyinta kawai injin yake ja. Ga shi kuma bai san hannun da motar ta bi ba kafin ta iso gare shi, ko wani ya taɓa canja mata fuli.

To, amma yawancin masu mota agogon iska ne ke burge su, domin shi ne allurarsa ke tsalle in an taka totur, shi ake nuna wa abokai. Agogon mai ba shi da wannan kwarjini, kuma ɗaura shi ya fi wuya, saboda haka akan bar shi sai wani jiƙon. Wannan kuskure ne, ga kuma dalili.

ISKA DA YAWA, MAI KAƊAN

Fetur yana ƙonewa sarai in an haɗa awo 1 nasa da awo 14.7 na iska, bisa nauyi. Amma in ana zuga inji, masu gyara sukan ba shi mai fiye da haka, wajen awo 1 ga iska 11.5 ko 12, domin rarar man ita ce ke sanyaya cikin silinda. Wutar da ke tashi a ciki takan wuce digiri 2,000, alhali alminiyon da ake yin fistin da shi yana narkewa a wajen digiri 660. Abin da ke hana fistin narkewa shi ne wutar ba ta daɗewa, kuma akwai siririyar iska mai ɗan sanyi da ke lulluɓe da fuskarsa. In mai ya yi ƙaranci a daidai lokacin da matsi ya hau, zafi yakan ƙaru, sauran haɗin da wutar fulogi ba ta kai gare shi ba ya fashe da kansa. Direba mai kunne zai ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan fashewa tana share waccan siririyar kariya, tana karya gefen fistin inda ringi yake zama, tana ƙona gaskit, wani lokaci har ta huda fistin. Ba ta bukatar awa guda, daƙiƙoƙi kaɗan da totur a ƙasa sun isa.

Abin da ke kawo ƙarancin man kuwa sau da yawa ba a jin sa a tafiyar yau da kullum. Famfon mai da ya tsufa, ko filta da ta toshe, ko wayar famfo da ta yi tsatsa, duk suna iya ba da man da zai isa yawo cikin gari. Sai ranar da aka fito babbar hanya za a wuce tirela, aka taka totur har ƙasa, sa'an nan famfon zai gaza. A yawancin motocin wancan zamani, in an taka totur gaba ɗaya, ƙwaƙwalwar motar takan daina sauraron sensar da ke cikin salansa, ta koma bin lissafin da aka rubuta mata, tana ɗauka matsin mai yana nan yadda aka tsara. Ba ta da labarin famfo ya gaji. Agogon iska shi ma ba zai faɗa ba, hasali ma a lokacin ne allurarsa take nuna lamba mafi daɗin gani. Agogon mai kaɗai ne zai tona asiri.

ƊAURA AGOGON ISKA

Agogon iska iri biyu ne. Akwai na gargajiya, wanda ake jawo masa siririn tiyo daga inji har cikin mota. A cikinsa akwai lanƙwasasshen bututu da ke miƙewa in matsi ya shige shi ya ja allura, dabarar da Bafaranshe Eugène Bourdon ya yi wa rajista a 1849. Akwai kuma na lantarki, wanda sensa ke zama a ɗakin inji, waya kawai ke shiga ciki. Ga iska, kowanne aka sa ya yi, domin ko tiyon ya tsage iska ce za ta fita. Wanda ya fi amfani shi ne mai fuska biyu, hagu yana nuna zuƙa, dama yana nuna matsi.

Babban abin lura shi ne wurin da za a ɗebo iskar. Tilas ya kasance bayan sufacaja, kuma bayan ƙofar totur, watau a jikin manifol, akwatin da ke raba iska ga silinda. A wasu motoci, kamar Cobra, ƙofar totur ce a gaba, sufacaja na biye. A Kompressor mai silinda 4 kuwa sufacaja ce a gaba, ƙofar totur na can kusa da manifol. Wanda ya ɗebo daga tsakanin su biyun zai sami karatun da zai ruɗe shi: a mota ta farko agogon zai nuna zuƙa kawai, ba zai taɓa nuna matsi ba, a ta biyu kuwa ba zai nuna zuƙar da ke cikin manifol ba. Makaniki ya bi tiyo da yatsa har ya ga inda ya fito kafin ya sa wuƙa.

In an sami tiyon da ya dace, sai a yanka shi a sa mahaɗi mai baki uku, a ɗaure kowane baki da kilif ko maɗaurin roba. A injin da ba a zugawa, zuƙa ce ke riƙe tiyo a wurinsa, amma a nan matsi yana iya tunkuɗe shi ya fita. Akwai tiyo biyu da ya kamata a yi hattara da su. Na farko shi ne babban tiyon da ke zuwa tukunyar birki, wanda ba a wasa da shi, kuma bayan bawul ɗinsa ba a ganin matsi ko kaɗan. Na biyu shi ne wanda ke zuwa madaidaicin matsin mai. Mutane suna son sa domin yana kusa, amma in mahaɗin ya yi yoyo, madaidaicin ba zai ji hawan iska ba, ba zai ƙara mai ba, agogon da aka sa don tsaro ya zama shi ne ya jawo ɓarna. In da wata kafa a jikin manifol, ita ta fi.

Daga nan sai a bi da tiyon nesa da salansa da bel da duk abin da ke motsi, a shigar da shi ta bangon ƙarfen da ya raba ɗakin inji da mazaunin direba. A nemi ramin da kamfani ya riga ya huda ya sa masa zoben roba. In ya zama dole a huda sabo, a duba bayan wurin tukuna, domin akwai wayoyi da bututun birki a maƙale, sa'an nan a sa zoben roba. Bakin ƙarfe tsirara yana yanka tiyo ko waya sannu a hankali, ba a sani ba sai ya gama.

ƊAURA AGOGON MAI

A nan ne ake cewa garin gyaran gira kada a rasa ido. Doka ta farko, wadda ba ta da togiya, ita ce ba a shigo da tiyon fetur cikin mota. Agogon gargajiya na mai ya fi araha, kuma ana iya ganin wanda zai jawo masa tiyo har gaban sitiyari kamar yadda aka yi wa na iska. Amma fetur ɗin injin mai nozul yana ƙarƙashin matsin bar 3 zuwa 4. In tiyon ya tsage, ba ɗiga zai yi ba, feshi zai yi a ƙafafun direba, kusa da wayoyi da fiyus, famfo kuma yana ci gaba da turowa muddin inji na aiki. Tururin fetur yana kama wuta ko da a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle cikin motar da ta wuni a rana. Ko a filin tsere, hukumar NHRA ta Amurka ba ta yarda a kai fetur wurin direba saboda agogo ba.

Hanyoyin da aka yarda da su uku ne. Ko dai a sa agogon lantarki, sensa a ɗakin inji, waya a ciki, wanda shi ne mafi sauƙi da aminci. Ko a sa agogon gargajiya da 'yar na'urar tsakani mai tantani, wadda fetur ke tsayawa a gefenta ɗaya a ɗakin inji, wani ruwa marar kama wuta ya kai matsin ga agogo. Ko kuma a bar agogon a waje gaba ɗaya, a gindin gilashin gaba ko a ƙarƙashin bonet, ko da yake na ƙarƙashin bonet ba ya amfanin direba a lokacin da ake bukatarsa.

Kafin a kwance komai, a bar inji ya huce, a yi aikin a fili, a ajiye tukunyar kashe gobara kusa, kada kuma a bar mai sigari ko mai walda a wurin. A cire fiyus ɗin famfon mai, a tayar da inji a bar shi har ya mutu da kansa, domin matsin da ke cikin bututu ya sauka. Sa'an nan a cire kan batir na nagatif. Duk da haka a lulluɓe wurin da tsumma yayin kwancewa, don ba a rasa saura.

Motoci da yawa, musamman na Amurka, suna da wani ɗan baki a jikin bututun da ke raba mai ga nozul, mai kama da bakin bawul ɗin taya, wanda aka yi don gwaji. Akan zare cibiyarsa a ɗaura mahaɗi. Inda babu shi, sai a sa mahaɗi na ƙarfe a layin da ke kawo mai, bayan filta, ba a layin da ke mayar da rara tanki ba. Gwanaye ba sa ɗaura sensa kai tsaye a jikin inji, domin girgiza tana kashe ta, wani lokaci ma nauyinta ya karya mahaɗin. Sukan sa ɗan gajeren tiyo mai rigar saƙar ƙarfe, wanda aka yi don matsin fetur, su kai sensar jikin bodi su ɗaure. Tiyon kafireta na da, ko tiyon ruwa, ba ya ɗaukar wannan matsi.

Haƙoran mahaɗi ma abin dubawa ne. Yawancin sensar Amurka haƙoranta 27 ne a inci, na ma'aunin Ingila kuwa, wanda Japan ma ke bi, 28 ne. Ido ba ya rarrabe su, kuma za su shiga juna zagaye biyu ko uku kafin su cije, daga baya su yi yoyo. Farin tef na masu gyaran famfo shi ma ba a son sa a nan, domin guntunsa yana iya tsinkewa ya toshe nozul. Akwai man liƙi da aka yi don fetur, shi ake shafawa kaɗan, a bar haƙori na farko ba a shafa ba.

Gargaɗi na musamman ga masu sababbin motoci, irin Range Rover mai lita 5 da aka fara a 2009, waɗanda ke fesa mai kai tsaye cikin silinda: bututun nozul ɗinsu yana ɗauke da matsin da ya wuce bar 100. Wannan yana huda fatar mutum. Ba a ɗaura agogon kasuwa a nan. In za a auna, sai a ɓangaren da ke tsakanin tanki da babban famfo, ko kuma a karanta ta na'urar gwaji.

WAYA DA MAZAUNI

Aikin mai wayarin ba shi da yawa, amma yana son tsabta. Waya ɗaya za ta ɗauko wuta daga layin da ke kawowa sai an murɗa makulli, da ɗan ƙaramin fiyus nata. Ɗaya za ta tafi jikin ƙarfe mai tsabta, wanda aka kankare fentinsa. Ɗaya kuma ta haɗu da layin ƙananan fitilu domin hasken dare. Kada a saci wuta daga wayar nozul, ko ta sensar inji, ko wayoyin jakar iska ta kariya, waɗanda galibi rawaya ne. Murɗa waya da hannu a naɗe da tef ba aiki ba ne, a yi mata dalma ko a matse ta da mahaɗi.

Masu sha'awa sun fi son ɗaura agogo a ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba. A tsofaffin motoci ba laifi. Amma in an ga alamar jakar iska a jikin ginshiƙin ko a saman ƙofa, a nemi wani wuri, domin ranar da jakar ta fashe, agogon zai zama dutsen da aka harbo wa fuskar direba. Duk inda aka sa su, su kasance kusa da juna, yadda kallo ɗaya zai ɗauki allura biyu.

In an gama, a mayar da fiyus da batir, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, sau biyu ko uku, famfo ya cika layi. A shafa kowane mahaɗi da busasshiyar takarda, a kuma sansana. Sa'an nan a tayar, a sake dubawa, a kuma ƙara dubawa bayan tafiyar farko da bayan mako guda.

KARATUN ALLURA BIYU

In makulli yana kunne inji bai tashi ba, agogon iska ya tsaya a sifiri. In inji mai lafiya yana silo, zai nuna zuƙa wajen inci 17 zuwa 21. A tafiya ta hankali allura tana zama a ɓangaren zuƙa, domin akwai bawul da ke barin iska ta kewaye sufacaja in ba a bukatarta. Sai an taka sosai take haurawa ɓangaren matsi.

Agogon mai kuwa karatunsa ya dogara ga tsarin motar. A mota mai madaidaicin matsi da ke jin manifol, man yana bin iska ƙafa da ƙafa. A ɗauka an tsara shi a psi 43.5, watau bar 3. A silo zai sauko wajen 34 ko 35. In iska ta kai 8, tilas mai ya kai 51.5. Dalili shi ne bakin nozul yana cikin manifol, iskar da aka matsa tana tura man baya, saboda haka abin da ke aiki shi ne bambancin da ke tsakaninsu. In iska tana 8 mai ya tsaya a 43.5, abin da nozul ke fesawa ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100. In ya faɗo 35, ragin ya wuce kashi 20 cikin 100. Cobra tana yin wannan bibiya ne da lantarki, ƙwaƙwalwa tana ƙara wa famfo gudu don ta riƙe bambancin a wajen psi 40. Wasu motocin kuma, har da Kompressor na baya-baya, matsin mansu a tsaye yake wuri ɗaya, ƙwaƙwalwa ce ke gyara lissafi. Saboda haka a san tsarin motar tukuna daga littafin kamfani. Amma a kowane tsari doka ɗaya ce: in allurar iska tana hawa, ta mai tana sauka, a ɗaga ƙafa nan take.

Ranar gwaji a ɗauki mutum na biyu ya riƙa karantawa, direba ya sa ido a hanya. Giya ta biyu ko ta uku ta isa a ga cikakken matsi ba tare da an wuce kilomita 100 da doka ta yanka wa ƙananan motoci a babbar hanya ba. A rubuta lambobin a ajiye, domin amfanin agogo yana cikin kwatanta yau da jiya.

In matsin iska ya hau sa'an nan ya zube yayin da inji ke ƙara juyi, galibi bel ne ke santsi. In ya ragu gaba ɗaya, a duba filtar iska, musamman da hunturu in ƙura ta yi yawa, a kuma nemi tiyon da ya tsage. In kuwa ya ƙaru da kansa alhali motar ta yi nauyi, ba abin murna ba ne, alama ce hayaƙi ba ya samun fita, wataƙila matatar da ke cikin salansa ta toshe, iska ta taru a baya. Tudu ma yana canja lissafi. Jos tana wajen mita 1,200 bisa teku, inda nauyin iska yake kimanin psi 12.7. Motar da ke nuna 8 a Legas za ta nuna wajen 7 a can, zuƙar silo ma ta ragu, kuma ba abin da ya lalace.

ABIN DA AGOGO BA YA FAƊI

Agogon mai matsi yake aunawa, ba ya sanin abin da ke cikin bututun. A watan Fabrairu na 2022 hukuma ta sanar cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida cikin Nijeriya, masu motoci da yawa suka koka. Irin wannan mai zai nuna lamba mai kyau a agogo. Haka kuma motocin Kompressor an tsara su ne ga fetur mai daraja 95 na Turai, alhali a yawancin gidajen mai na Nijeriya iri ɗaya ake sayarwa, ba zaɓi. Wannan kaɗai ya isa ya hana mai hankali sa ƙaramin fuli don ya ji ana yi a Amurka. Wanda ya nace sai ya ƙara matsi, to yana bukatar agogo na uku, mai auna haɗin iska da mai daga hayaƙin salansa, da gwanin da zai sake wa ƙwaƙwalwar motar lissafi.

Akwai kuma halayen da ke kashe famfo tun kafin agogo ya yi magana: yawo da tanki kullum a ƙasa, alhali man da famfon ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi, da sayen man galan a bakin hanya, da barin filta shekara da shekaru. Wanda kuma ba ya son a yanka masa tiyo ko ɗaya, motocin Amurka daga 1996 da na Turai masu fetur daga 2001 suna da kafar gwaji a ƙarƙashin sitiyari, wadda a motoci da yawa ake iya karanta matsin manifol ta cikinta da 'yar na'ura da wayar hannu. Matsin mai ne dai ba kowace mota ke bayarwa ta nan ba.

Mai kuɗin agogo ɗaya kawai, wanda motarsa ta kwana biyu, ya fara da na mai, na lantarki, a hannun makanikin da ya san aikin fetur mai matsi. Na iska ya biyo baya in hali ya yi. Kuɗin su biyun da ladan aiki bai kama ƙafar kuɗin sauke inji da sayen fistin ba, balle motar da ta ƙone ƙurmus. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, sai mako mai zuwa.